Goggo Ige da Fil ɗin Innata

Duk wadda ta san Goggo Ige ta san ba fuskarki take gaisarwa ba. Ki durƙusa gabanta tana jero miki "ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina ƙoƙari, ina zaman duniya" har ƙafarki ta sage, amma idonta yana kan fil ɗin da kika soke gyale da shi. In na roba ne irin na yanzu, ta sallame ki da wuri. In kuwa tsohon fil ne na ado, mai duwatsu, irin na iyayenmu, to kin shiga uku! Sauran tsofaffi goro suke ɗaurewa a haɓar zane, ita 'yar filaya take ɗaurewa. Ƙas! Ta karya allurar baya, ta goge wurin da magagari, ta naɗa waya ta yi masa 'yar kafa, ta zura sarƙa ko zare. Shi ke nan, fil ya koma kan sarƙa, ko kina so ko ba kya so.

"Abin da anka soka shi ka hwaɗuwa," in ji ta. "Abin da anka rataya, sai dai a tahi da wuyan."

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, tun ranar addu'ar bakwai ta rasuwarta kowa sai cewa yake "baiwar Allah, mai haƙuri". Wane haƙuri? Ku ji tsoron Allah, dangi! Yayar babana ce, a gidanta na Maradun nake yin kowane hutun makaranta, ni zan ba ku labarinta. Shekara tara muna yaƙi da ita a kan abu ɗaya, fil ɗin Innata. Na azurfa ne, siffar ganye, da korayen duwatsu uku. Da Inna ta rasu, shi kaɗai ya zo hannuna cikin kayanta, na kuma rantse babu mai karya masa allura. Goggo ta rantse sai ta karya.

Kun tuna taron suna na gidan Kawu Bala? Hajiya Balki, matar hedimasta, ta ba Goggo gyalenta ta riƙe mata za ta yi alwala. Alwala fa kawai! Ta dawo ta tarar da fil ɗin da aka sa mata a lefe yana lilo a jikin zare.

"Goggo! Mi na miki?"

"Gyara na miki."

"To da mi zan riƙe gyalen?"

"Hannu nawa Allah ya ba ki?"

Haka Hajiya Balki ta wuni riƙe da gyale a haɓa kamar mai ciwon haƙori. Abin haushin, kafin la'asar mata uku sun tambaye ta inda ta sayi sarƙa. Goggo ta waiwayo ta dube ni, ta dubi ƙirjina. Na tashi na canja tabarma.

Ranar Talata kuwa ba ta da wurin zuwa a kasuwar Mafara sai layin 'yan gwanjo, don tsofaffin rigunan Turawa kan zo da fil a maƙale. Wata rana ta hango wani mai siffar malam-buɗe-littafi a jikin wata ƙatuwar kwat ta sanyi mai gashi a wuya. Mai gwanjon ya san ta sarai, ya ce ba ya raba uwa da ɗa, in tana so ta ɗauki kwat ɗin duka. Ta tsaya ta yi masa wa'azi, ta tuna masa ta san kakansa, bai motsa ba. Ta saya. Muna tsakiyar bazara, ranar da ko ƙadangare ba ya fita.

Washegari za mu gaisuwar mutuwa Damri, sai ga Goggo ta fito cikin kwat, hijabi a sama.

Na ce, "Goggo, don girman Allah ki cire. Mutuwa za ki yi."

"Ke Tafasa, rufe min baki." Haka take kirana, wai ba a ɗora ni a wuta nake tafasa. "In saya in aje ma ɓeraye? Zuhwa ba ta kisa, asara ka kisa."

Mutanen gidan makoki suka manta da mamacinsu, suka koma yi mata fifita.

Ba ta yarda da wuta ba. Wani maƙerin fari ya taɓa narka mata dutse garin liƙi da dalma, tun daga ranar in ta zo wucewa ta rumfarsa sai ta ce, "Sannu da girki." Wayarta daga cikin mataccen fanka take warwarowa, wankinta jiƙaƙƙiyar tsamiya da toka. Sai kuma gwaji. Wayyo gwajin nan! Duk kan sarƙar da ta gama, sai ta rataya wa jar akuyarta ya wuni. In akuya ta yi tsalle-tsallenta, ta soshe wuya a katanga, kafar ba ta buɗe ba, to aiki ya yi.

Ana jibi bikin Sa'a, 'yar Kawu Bala, aka ga akuyar nan a bakin masallaci sanye da kan sarƙar amarya. Sa'a ta zo tana kuka.

"Goggo, warin akuya zan kai gidan miji?"

"In shina son ki, ya shaƙa. Wadda akuya ba ta tsinka ba, ƙawayenki ba su tsinka ta."

Ku faɗa min, wa zai ba wannan matar fil ɗin uwarsa? In zan kwana gidanta, a cikin safa nake ƙulle shi in tura ƙasan jaka. Ta yi lallashi, ta yi gori, har ta taɓa aiko min da dambun nama makaranta da saƙon wai in yi tunani. Na cinye, ban yi tunanin ba.

Bara ne abin ya faru. Za ni biki Bakura, mota ta cika maƙil, an matse ni da wata mata mai kwandon tumatir. Ta sauka a mararraba, mu muka wuce. Ina sauka a tasha na shafa ƙirji, wayam! Gyale kawai. Na kurma ihu, na sa direba ya fito da kowa, aka ɗaga kujeru, aka kakkaɓe buhuna. Babu. Sai wani dattijo ya ce ya ji matar tana cewa Dakko za ta. Ban san lokacin da na haye kabu-kabu ba, ina dukan bayan mai mashin ina cewa ya ƙara wuta, shi yana cewa, "Hajiya, ni ma ina da iyali!" Muka cim mata a hanya, kwando a ka. Ko sallama ban yi ba. Muka zazzage tumatir a gefen titi, tana zagina ina ba ta haƙuri, sai ga shi can ƙasa ya soki wani ruɓaɓɓe. Na zauna a ƙasa cikin ankon biki ina dariya ina kuka.

Bikin da ban je ba ke nan. Na juya sai Maradun, na dire shi gaban Goggo da ruwan tumatir a jikinsa.

"Ga shi. Kin ci. Karya."

Na zaci guɗa za ta yi. Sai ta kai shi kusa da ido, don a lokacin ganinta ya ja baya. Ta kwance filaya ta miƙo min.

"Ke za ki yi. Wanke shi tukuna."

Na wanke. Ta sa na yanko waya, na naɗa, ta ce in warware. Na sake, ta ce kafar ta karkace. Sau biyar! Na ce wallahi zan tashi. Ta ce ƙofa a buɗe take. Da na gaji na kama allurar da filaya don a gama a huta, sai ta buge min hannu.

"Wa ya ce ki taɓa nan?"

"Ba ita kike nema ba shekara tara?"

Ta juya bayan fil ɗin, ta ɗora yatsana a kan allurar. Akwai 'yar lanƙwasa a tsakiya, na daɗe ina ganinta, na ɗauka tsufa ne.

"Haƙorin uwarki na. Maƙullin ya saki tun tana amarya, kullum sai ta cije shi kahin ta soka. Na ce ta kawo, ta ƙiya. Taurin kai awa naki." Ta shafa wurin da babban yatsa. "Ban taɓa riƙa shi a hannu ba sai yau. Ashe wurin na nan."

Ta sa na rufe allurar a maƙullinta, na naɗe su tare da waya har tsinin ya ɓuya, na fitar da kafar daga sama. Duk Maradun, shi kaɗai ne ya shiga hannun Goggo Ige ya fita da allurarsa. Ta rataya min da kanta, ta daɗe tana laluben ƙugiyar sarƙar a ƙeyata, ni kuma, karon farko a rayuwata, ban ce ta yi sauri ba.

Yana wuyana yanzu da nake rubutun nan. In na sa hannu ta baya, ina jin wurin haƙorin Inna a ƙarƙashin wayar Goggo.

Allah ya jiƙan Goggo Ige, ya yafe mata, ya sanyaya makwancinta. Ya haɗa ta da Innata a inuwa ɗaya, su ƙarasa gardamarsu cikin rahama. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.