Ranar da Na Tura Shugabanmu Bayan Zana

Duk sanda aka tashi ba da tarihin tasharmu ta ƙananan yara, sai ka ji an fara da bikin buɗewa da manyan baƙi. Ni kuwa abin da ba zai taɓa fita daga raina ba shi ne wani yammaci a tsakar gidan gwaggona, a wani ƙauye kusa da Jahun. A wurina, nan aka haifi tashar.

A lokacin babu wata tasha. Ɗan shiri ne na rabin awa da aka ba ni gwaji a wani gidan talabijin a Dutse, bayan na bar koyar da 'yan nazare. Da halin aji na zo. In na ɗaga hoton akuya na ce, "Mece ce wannan?" sai in ja bakina in yi shiru, ina jiran yaron da ke kallo a gida ya amsa. Shirun nan shi ya kusa kashe shirin.

Shugabanmu dattijon kirki ne, amma ya tsani a bar talabijin ba magana. Ya kira ni ofis ya ce, "Malama, mutane sun ɗauka sautinmu ne ya lalace. Wani har bubbuga akwatinsa ya yi ta yi. Ko ki cike wuraren nan da magana, ko mu sa katun ɗin waje a madadin shirinki."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wurin amsar yara ne."

"Ni dai ban ji su ba."

"To, in ka yarda in kai ka ka ji."

Na san ina da kafiya, tun ina ƙarama ake faɗa mini. Amma na ga yaranmu zaune gaban katun da ba sa jin ko kalma ɗaya a ciki, baki buɗe, kuma na rantse ba zan ƙara musu wani ba.

Ranar Asabar muka ɗauki talabijin da faifan shirin da ƙaramin janareta muka tafi gidan Gwaggo. Gwaggo ta tara yaran unguwa, an yi musu wanka, an rambaɗa musu kwalli. Ta ajiye wa baƙo kujera a tsakiyarsu, sannan ta kaɗa musu yatsa: "Duk wanda ya ba ni kunya gaban babban mutum, zai gamu da ni!" Na ji ta sarai, har dariya na yi.

Aka kunna. Ga ni a cikin akwati ina tambaya, "Mece ce wannan?" Shiru. Akuyar Gwaggo da ke ɗaure a turke ce kaɗai ta yi kuka. Tambaya ta biyu ma haka. Yara sun tanƙwashe ƙafa, sun sunkuyar da kai. Shugaba ya duba agogonsa, ya dube ni. Wallahi hawaye ya cika mini ido.

Can na hango wata 'yar mitsitsiyar yarinya, leɓenta na motsi tana cewa "akuya" ba tare da murya ba, tana satar kallon babbar rigar baƙo. Nan na gane. Ai mu muka koya musu ba a magana gaban manya.

Na kashe talabijin, na durƙusa gabansa. "Ranka ya daɗe, alfarma nake nema. Ka tashi ka koma bayan zanar can."

Gwaggo ta rafka salati. "Ke 'yar nan! Baƙon nawa za ki kora gindin rumbu?"

"Har da ke, Gwaggo. Ni ma ina tafe."

Na ce a raina yau aikina ya ƙare. Sai ya tattare rigarsa ya miƙe. Na sake kunnawa, na bi su da gudu, muka yi cirko-cirko muna leƙe ta kafofin zana.

A tambayar farko, murya ɗaya ce ta fito, siririya. A ta biyu, gidan ya ɗauka gaba ɗaya. "Kaza ce!" "Ƙarya ne, zabuwa ce!" Wani ya taso har gaban akwatin yana nuna mini ɗan tsakon da nake nema: "Malama, ga shi nan a bayanki! Ki juya mana!" Na waiga na ga Shugaba yana dariya, zana ta maƙale masa hula bai ma sani ba.

A hanyar komawa, da duwatsun Dutse suka bayyana, sai ya juyo gare ni. "Malama," ya ce, "shirun nan naki ya yi gajere. Ba su gama gardama ba kika wuce. Ki ƙara shi."

Daga rabin awar nan shirin ya yi ta girma har ya zama tasha, kuma har gobe ba mu daina yin shirun ba. Ban ga laifin ladabin da muke koya wa 'ya'yanmu ba. Amma ranar na koyi cewa in kana son jin abin da ke bakin yaro, tambayarsa kawai ba ta isa ba. Sai ka yi shiru, ka kuma ɗauke masa kujerarka.