Takalman da Suka Dawo Ba Masu Su

Shekara talatin da wani abu Kailu ya yi yana gyaran takalmi a Roxy, cikin Adjamé, ƙarƙashin wata laima da rana ta cinye launinta. Mutumin Madawa ne, ya zo Abidjan da ƙuruciyarsa, furfura ta same shi a nan. Ba mai yawan magana ba ne. In ka miƙa masa takalminka, daga yadda dunduniyar ta suɗe zai gane ko kai mai sauri ne ko mai ɗaukar kaya.

Yana da ƙane, Sha'ibu, ɗan dako a tashar jiragen ruwa ta Treichville. Wata Talata 'yan sanda suka yi kame a bakin tashar, suka haɗa da shi don ya manto takardunsa a gida. Kwana uku Kailu yana zarya komisariya, ofishin 'yan sanda, ana ce masa ya dawo gobe. A na huɗu aka ce Sha'ibu ya yanke jiki ya faɗi a ɗakin da aka tsare shi, bai tashi ba. Aka miƙo wa Kailu leda, a ciki akwai hula da takalmin da aka zare wa igiya.

Bayan jana'iza ya sa wa takalmin sabuwar igiya, ya goge, ya ajiye ƙarƙashin bencinsa. Da azahar, in zafi ya sauka, hayaniyar motocin gbaka ta koma masa kamar ƙarar ruwa daga nesa, sai gyangyaɗi ya ɗauke shi. Yakan ga takalmin ya fito shi kaɗai, ya ratsa kasuwa ba wanda ya taka shi, ya hau gada a hankali, ruwan lagun na walƙiya a ƙasa, har Belleville, unguwar su Sha'ibu. Can yakan tsaya a ƙofar gida yana jiran a buɗe.

Labari ya bazu. Haulatu, wata mai sayar da atamfa a Belleville, ta kawo silifan mijinta, wanda shi ma a leda aka ba ta. Sai wata Bajula, 'yar ƙabilar Jula, sai wani tsoho Kirista da kambas ɗin ɗansa. Kailu ba ya tambayar laifin da aka ce sun yi, karɓa yake ya ɗinke. Cikin shekara shida takalman mutum goma sha ɗaya suka taru ƙarƙashin bencin.

Haulatu ce ta ce a fito da su mutane su gani, Juma'ar ƙarshe kafin azumi, a tsakar gidansu. Liman Zainulabidin bai saki jiki da abin ba, ya ce yana tsoron mutane su mai da takalmi abin neman tabarraki.

"Allah gafarta Malam, ba roƙonsu za mu yi ba," in ji Kailu. "So nake a ga cewa da ƙafarsu suka shiga komisariya."

Ranar kuwa Liman ne ya buɗe taron da addu'a.

Tun daga nan, kowace shekara bayan la'asar akan jera takalman a tabarma. Kowane gida ya faɗi sunan nasa da abu ɗaya game da shi: wannan ba ya cin aceke, dambun rogo, sai da kan kifi, wancan yakan yi waƙa in yana wanka. Wani lokaci har dariya ake yi.

Bara wani dattijo ya zo ya tsaya daga ƙofa. Haulatu ta raɗa wa Kailu cewa ta san shi, shi ne ɗan sandan da yake zaune bayan kantar komisariya ranar da aka ba ta leda. Mutumin ya ce ya yi ritaya, ya ci gaba da tsayuwa yana kallon takalman.

Kailu ya dube shi ya sake dubansa, sannan ya miƙa masa buroshi. Dattijon ya durƙusa a bakin tabarma ya fara daga gefe. Har aka kira magariba yana gogewa, ba wanda ya yi masa magana, ba wanda ya kore shi.