Kayan Aljihun Baba

Mahaifina mutumin Tawa ne, aikin gyaran layin tarho ya kawo shi Yamai tun ba a haife ni ba. Ko bayan da ya ajiye aikin gwamnati, bai taɓa fita daga gidanmu na unguwar Bukoki ba sai da kayansa a aljihu: ƙaramar filaya, turnabis mai jan mariƙi na kwance ƙusa, tocila, da wata wuƙa mai naɗewa da ya saya yana saurayi. Duk rigunansa aljihun dama ya rinjayi na hagu. Innarmu, Allah ya jiƙanta, ta yi ɗinkin aljihunnan nan har ta gaji. Da wuƙar yake fere mana mangwaro, da ita yake feƙe mana fensir in za mu lakwal, wato makaranta. A layinmu, in fanfo ya ƙi rufuwa ko makulli ya cije, shi ake kira.

Yana da ɗan lambu a Gudel, bakin gulbi, inda yake shuka salati da albasa da tumatir. Kullum bayan ya karya kumallo zai tari taksi ya tafi, ya dawo kafin la'asar. Maƙwabcinsa na lambu wani dattijo ne Bazabarme, sun fi shekara ashirin suna ban ruwa daga rijiya ɗaya.

Ni ce babba a gidan, ina koyarwa a wata kwaleji. Da aurena ya mutu na dawo wurin Baba, muka zauna mu biyu. Ƙanena yana da iyalinsa a wata unguwa, yakan leƙo mu.

Mantuwar ta fara da ƙananan abubuwa. Zai tambaye ni ko an ci abinci, kwano yana gabansa. Zai yi sallar azahar sau biyu. Muka ce tsufa ne. Sai wata Laraba na dawo daga aiki na tarar da shi zaune a ƙofar gida, ƙafa duk ƙura, ba hula, ba salula. Wani mai taksi ne ya gane shi yana tafiya a gefen titi can wajen gari, ya dawo da shi. Na tambaye shi ina wayarsa. Ya ce wasu mutane biyu sun karɓa za su duba masa hanya.

"Baba, su wane ne?"

"Mutanen kirki ne," ya ce. "Sun gaishe ni."

Likita ya duba shi ya ce gigin tsufa ne, ya rubuta magani, ya kuma faɗa mini gaskiya cewa abin ba ya komawa baya. Na tambaye shi ko mu hana shi fita. Ya ce in an tsare shi da wuri zai fi saurin lalacewa, mu dai lura. Na fito ina juya kalmar nan a raina. Yaya zan lura da mutumin da yake Gudel ina cikin aji da yara sittin?

Ƙanena ya zo ran Asabar, ransa a ɓace. Ya ce, "Yaya, yau waya suka karɓa, gobe duka za su yi masa. A samo masa abin da zai kare kansa. Ki je Babbar Kasuwa, akwai masu sayarwa."

Na je. Aka nuna mini rumfar wani Alhaji ɗan Maradi mai sayar da tocila da kwaɗo da kayan masu gadi. Na ce masa ina neman abin da dattijo zai riƙe saboda ɓarayi. Ya fara jero mini kaya a kan tebur. Ga wata 'yar gwangwani, ya ce yaji ne a ciki, in ka fesa wa mutum a ido sai ya durƙusa. Ga tocila mai jan mutum kamar wutar lantarki, ya danna ta yi ƙara har na ja da baya. Ga sanda ta ƙarfe mai shigewa cikin kanta. Ga usur irin na masu gadi.

Na ɗauki gwangwanin ina juyawa. Na ce, "Alhaji, ta ina yake fitowa?"

Ya nuna mini ɗan ramin. "Sai ki cire wannan murfin, ki juya nan wajen mutumin, ki lura da inda iska take kaɗawa, sannan ki danna."

Abu huɗu ke nan, kuma a jere. Na tuna da safen nan Baba ya tsaya da buta a hannu yana tambayata me zai yi da ita. Na ajiye gwangwanin.

"Dattijon nan, lafiyarsa lau?" in ji Alhaji.

Na gaya masa. Sai ya fara mayar da kayan cikin kwali ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Madam, ba zan sayar miki da waɗannan ba. Kansa zai fesa wa, ko wani ya ƙwace ya yi masa amfani da shi. Kakata ta yi irin wannan ciwon. Ɗauki usur, shi ko an ƙwace ba a cuci kowa ba."

Na sayi usur ɗin, da 'yar jaka ta ratayawa a wuya, da ƙaramar waya mai manyan lambobi wadda ɓarawo ba zai yi sha'awa ba. A gida na rubuta a takarda, da Faransanci da Hausa, cewa wannan dattijo yana da mantuwa, ga unguwarsa, ga lambata. Na sa a leda na cusa a jakar.

Baba ya karanta takardar sau biyu. Karatu bai gudu daga kansa ba. Da yake sunan mahaifiyarsa aka sa mini, uwata yake kirana. Ya ce, "Uwata, ni akuya ne da za a rataya mini alama a wuya?"

"Baba, saboda tsaro ne."

"Ni na ja layin tarho a rabin garin nan. Ni za a nuna wa hanya?"

Ya yaga takardar. Na sake rubuta wata, ita ma ya cire. Usur ɗin ya ba jikarsa, 'yar ƙanena, ta yi wasa da shi. Wayar kuwa, ya warware ta da turnabis ɗinsa, ya jera cikinta a kan tabarma yana cewa akwai abin da ya lalace a ciki, ya kasa mayarwa. A ƙarshe na kwashe rigunansa na kai wa tela, ya ɗinka ɗan farin ƙyalle mai lambata a cikin wuyan kowace riga, ta baya, inda ba zai gani ba. Tela bai tambaye ni dalili ba, na gode masa a raina.

Ban yi tunanin wuƙar ba sai da abin ya faru. Wata ranar Litinin ina tsakiyar darasi aka kira ni daga Gudel. Dattijon nan maƙwabcinsa ne. Ya ce in zo, babu wanda ya ji ciwo, amma in zo. Na bar yara na hau moto, babur ɗin haya.

Na same su a ƙarƙashin mangwaro. Baba yana zaune yana wanke albasa hankalinsa kwance. Dattijon ya ja ni gefe. Ya ce ya shigo ne ya ɗauki bokiti kamar yadda ya saba, sai Baba ya miƙe, ya buɗe wuƙa, yana cewa ɓarawo, fita daga lambuna. Shi dattijon ya kira shi da sunansa, ya yi masa Zabarmanci, ya yi masa Hausa, Baba bai san shi ba. Sai da ya ja da baya ya zauna a ƙasa, aka jima, sannan Baba ya naɗe wuƙar ya ce masa, a'a, yaushe ka zo?

"'Yata," in ji dattijon, "ni ba na jin tsoronsa. Amma mata suna shigowa sayen salati. In ya yi wa wadda ba ta san shi ba, mutane za su taru a kansa."

Ban taɓa ganin Baba ya ɗaga wa kowa hannu ba.

Na gaya wa ƙanena. Ya ce a karɓe wuƙar yau ɗin nan. Na ce to, zo ka karɓa. Ya ce ni ce nake zaune da shi, ni na fi sanin yadda zan yi. Muka yi ta jefa wa juna har kwana uku, kowa ya san tsoro ne yake hana shi.

Na zaɓi dabara. Da Baba ya kwanta barcin rana na zare wuƙar na kai wa wani maƙeri, na ce ya dakushe mini ita yadda ko tumatir ba za ta yanka ba, ya kuma goge tsinin. Maƙerin ya duba ƙarfen ya ce, "Wuƙa mai kyau haka?" Na ce ya yi kawai. Na mayar da ita aljihu kafin Baba ya farka.

Washegari da safe na fito na same shi a tsakar gida, ya ɗora dutsen wasa wuƙa a gabansa, yana zuba ruwa kaɗan-kaɗan yana gogawa. Hannunsa bai manta komai ba. Yana yi yana taɓa bakin da babban yatsa. Ya ɗago ya ce, "Uwata, wani ya taɓa mini wuƙa. Dubi yadda aka yi mata." Na tsaya da jakar aiki a kafaɗa ina kallo har ta koma tana sheƙi.

A ranar na ɗauke ta gaba ɗaya. Na kai gidan ƙanena na ce ya ɓoye, don na san in tana gidan zan iya mayar masa.

Satin da ya biyo baya shi ne mafi wuya da na sani. Kullum da safe Baba zai sa hannu a aljihu, ya fito da filaya da turnabis da tocila ya jera, ya tsaya yana kallonsu. Sai ya fara nema. Ƙarƙashin katifa, cikin tukwane, bayan randa. Ya zargi mai kawo mana ruwa, ya zargi maƙwabciyarmu, har ya je ƙofar gidanta ya yi magana mai zafi, na bi na ba ta haƙuri. Ni kaɗai bai zarga ba. Yakan ce, "Uwata, taya ni nema, ke idonki ya fi nawa." Sai in durƙusa in ɗaga tabarma tare da shi.

Na taɓa gwada faɗa masa gaskiya. Na ce, Baba, ni na ɗauke, saboda abin da ya faru a lambu. Ya ce me ya faru a lambu? Na faɗa masa. Ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa, ya ce shi ba zai taɓa yi wa amininsa haka ba, wa ya ƙulla masa wannan sharrin? Ya ƙi cin abinci. Da gari ya waye ya manta maganar, ya sa hannu a aljihu, muka koma nema. Daga nan ban ƙara faɗa ba.

Bayan wata biyu, cikin zafin bazara, ya fita bai isa Gudel ba. Dattijon ya kira ni da azahar ya ce bai gan shi ba. Ni da ƙanena muka raba gari. Na je kwamisariya, ɗan sanda ya rubuta kamanninsa ya ce za su sanar. Na bi tashoshin taksi, na shiga gidajen likita biyu ina duba fuskokin waɗanda aka kwantar. Duk dattijo mai farar riga da na hango daga nesa sai in matso in ga wani ne.

Sai da hantsin washegari wata mata ta kira. Ta ce tana sayar da ƙosai a ƙetaren gada, ta tarar da wani tsoho kwance a gindin bango, ta ɗago shi za ta ba shi ruwa sai ta ga rubutu a wuyan rigarsa. Muka tafi. Leɓɓansa sun tsage, ƙafafunsa sun kumbura, aljihunsa babu komai. Bai san inda ya kwana ba, kuma har yau ba mu sani ba. Ya yi kwana huɗu a gidan likita ana ƙara masa ruwa.

Da muka dawo gida ƙanena ya kawo kafinta, aka sa wa ƙofar waje sakata daga sama, da kwaɗo. Muka samu wata 'yar uwarmu bazawara daga Tawa ta zo tana zama da shi in na tafi aiki. Lambun muka bar wa dattijon yana nomawa, yakan aiko mana da salati.

Yanzu shekara guda ke nan. Baba yana nan, yana cin abinci, yana salla in an tuna masa. Kusan kullum da hantsi yakan sa hularsa ya je ya tsaya a bakin ƙofa, ya tura, ya sake turawa. In ranar hutu ce ina gida, sai ya juyo ya ce, "Uwata, wa ya kulle mu?"

Nakan ce masa rana ta yi zafi, mu bari ta yi sanyi tukuna. Sai ya ce to, ya zauna a kan kujera kusa da ƙofar, ya jira.