Jirgin Cindo Mai Lamba 223

A tashar jiragen ruwa ta Warra ba a kiran Cindo da sunansa, lambar jirginsa ake kira. Da yatsu shida aka haife shi a hannun hagu, kuma tun yana ƙarami ƙidaya ta kama shi yadda waƙa ke kama wasu. Bai gama sakandare ba, aikin jirgin ruwa ya janye shi, amma ya fito da wani abu da malamin lissafi ya taɓa rubutawa a allo: akwai lambobi biyu aminan juna. Ka tara duk lambobin da ke raba 220 ba saura, ban da ita kanta, za su ba ka 284. Ka yi wa 284 haka, sai ta maido maka 220. Kowace tana ɗauke da 'yar'uwarta a cikinta.

Ranar da shi da amininsa Sallau suka sayi jirage masu inji, Cindo ne ya riƙe fenti. Ya rubuta 220 a nasa, 284 a na Sallau. Sallau ya yi dariya, ya ce, "Kai dai da haukanka, mai shida."

Haka suka yi ta keta tafkin Kainji, damina da rani, har furfura ta fara leƙo musu.

Sai ranar da ciwon Inna, mahaifiyar Cindo, ya tashi. Ya shimfiɗa ta a jirgi zai kai ta asibiti a Yelwa, farfelar inji ta daki kututturen da ruwa ya rufe, inji ya mutu. Can sai ga 284 maƙare da albasa, yana sauri ya riski kasuwa. Cindo ya ɗaga hannu yana kira.

"In sauke kaya in dawo!" in ji Sallau, bai ko rage gudu ba.

Bai dawo ba. Inna ta cika tsakiyar ruwa, kanta bisa cinyar ɗanta.

Cindo bai yi zagi ba, bai kai ƙara ba. Bayan addu'ar bakwai ya kankare sifilin jirginsa, ya rubuta uku. 223 ba ta rabuwa da kowace lamba sai ɗaya da ita kanta. Ba ta da amini, ba ta ɗauke da kowa. Ya zauna yana jira, kamar yadda kututture ke jira a ƙarƙashin ruwa.

Wata damina hadari ya haɗo ta wajen Shanga, injin Sallau ya tsaya, jirgi cike da mata da yara. Cindo ne ya fara isowa.

"Ɗari biyu da ashirin! Alhamdu lillahi, jeho igiya!" in ji Sallau.

Cindo ya matsa, ya kwashe fasinja ɗaya bayan ɗaya, har da akuyar wata tsohuwa. Da Sallau ya ɗaga ƙafa zai tsallako, sai Cindo ya tura jirginsa baya.

"Haba ɗan'uwa, mi na na haka?"

"Duba lambar da kyau," in ji Cindo. Ya jefa masa filafilin tuƙa jirgi. "Bari in sauke kaya."

Sallau ya kai gaɓa da ransa albarkacin iskar da ta lafa, tafukan hannu duk sun saɓule da tuƙi. Har yau 284 na jikin jirginsa, fentin na ɓarewa, tana nuna aminiyar da babu ita a tafkin. Cindo kuwa duk shekara sai ya sabunta ukunsa.