Ƙahon Malam Tanko

Har gobe ban manta da ranar da ƙahon rago ya gagari maigidanmu ba. A tsakiyar shekarun saba'in ne, ina heluma a sashen lambu, wato ni ke rarraba wa leburori aiki, in an yi ɓarna kuma ni ake fara kira.

An ba mu umarnin ƙawata titin kantuna. Muka jera tubali a tsakiyar hanya, muka shafe shi da farar ƙasa, muka dasa furanni. Ban-ruwa aka danƙa wa Malam Tanko, wani dattijo daga Rigachikun, lebura ne na wucin gadi mai iyali da yawa.

To, mutanen Kaduna ba su ga lambu ba, fili suka gani. Mai shayi ya zuba ruwan wanke-wanke, masu shan rake su tofar da tuƙa, masu tsallaka titi su bi ta kai. Muka kafa allon gargaɗi, mai tsire ya hura wuta da shi.

Maigidanmu Malam Bala, wanda ya yi kwas a Ingila kuma ba ya bari a manta, ya kira mu ofis. "Babban Sakatare zai zo dubawa," in ji shi. "In furannin nan suka mutu, Tanko ya koma gona."

Abin ya ba ni haushi ƙwarai, don Tanko ba ya wasa da aikinsa. Da muka fito, Tanko ya ce, "Heluma, samo mini ƙahonin rago a mahauta."

A gabana ya cika su da tokar murhu, ya ɗaure bakinsu da jan ƙyalle, ya soka gashin kaza. Muka rataye su a kan sanduna cikin furannin. Duk wanda ya tambaya, sai Tanko ya girgiza kai ya ce, "Ni dai ban ce komai ba."

Ai kuwa sai ga mutane suna zagaye mai nisa. Wani mai kanti da ya taka fure ya wayi gari da kumburin ƙafa, ya zo da goro yana ba da haƙuri. Tanko ya karɓe goron, muka ci tare. Furanni suka murmure.

Ana gobe dubawa Malam Bala ya zo zagaye, ya ga ƙahonin. "Wane irin ƙauyanci ne wannan? A cire!"

Leburori suka sunkuyar da kai. Tanko ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, a garinmu wanda ya ce a cire, shi ke cirewa da hannunsa."

Malam Bala ya naɗe hannun riga, ya matsa, ya miƙa hannu. Iska ta kaɗa gashin kazar. Sai ya duba agogo, ya ce yana da taro. Ya juyo kaina: "Heluma, ka san yadda za ka yi." Ni da na ga an zuba tokar da idona, wallahi sai da na ji hannuna ya yi nauyi. Na bar su.

Washegari Babban Sakatare ya zo, ya yaba furanni, ya kalli ƙahonin. Na dai lura bai matsa kusa ba. Bayan an watse direbansa ya dawo, ya ja Tanko gefe: Babban Sakatare yana gaisuwa, yara sun addabi mangwaron gidansa, ko za a samu guda biyu?

Tanko ya ce aikin na da wuya, amma zai gwada. Wata bai ƙare ba aka ba shi aikin dindindin.

Ku da kuke sababbi a aikin lambu, dasa fure kowa ya iya. Abin koyo shi ne halin mutanen da za su wuce ta gefensa, har da masu zuwa dubawa.