Faifai Shida a Akwatin Wuta Ɗaya

Yayana mai hoto ne, shekara ashirin da ɗoriya a ɗan shago guda, kuma bai taɓa goge hoton kowa ba. Ko wanda ka rufe ido a ciki yana nan. In faifan ajiyar kwamfutarsa ya cika sai ya sayo wani ya jona da 'yar waya mai reshe biyu, har suka kai shida a kan ɗan akwatin da ke raba wuta a cikinta.

Ni gyaran kwamfuta ne sana'ata, amma a wurinsa har gobe ƙane nake. Na faɗa har bakina ya gaji cewa akwatin nan ba zai ja wannan lodi ba. Da safe in ya kunna, fanka ta ɗan juya ta tsaya. Sai gogan ya ƙago dabara: ya zare faifai biyu, in kwamfutar ta tashi ya mayar da su da wuta a jiki. Wai ai kullum haka yake yi. Haushi kamar ya kashe ni.

Wata safiya waya ta yi ƙauri, kwamfuta ta ƙi tashi sam. A makon ne wata dattijuwa ta zo. Ɗanta direba ne, ya rasu a hatsari, lasisinsa da salularsa duk sun ƙone da motar. Ba ta da hotonsa ko ɗaya. Ta ce bara a nan ya ɗauki na fasfo.

Na canza akwatin, na sa sababbin wayoyi, na riƙa jona faifan ɗaya bayan ɗaya. Biyar suka tashi. Na shidan ko motsi, bayansa ya ƙone ƙurmus. Aikin bara duk a cikinsa yake.

Kwana tara tana zuwa ta zauna a benci gaban labulen ɗaukar hoto, Yaya yana ce mata gobe. Ya rame, ya daina yi wa masu zuwa barkwanci, ya ma daina musu da ni, abin da ya fi komai damuna. A na goma na gaji, na gaya mata gaskiya. Ta juya wajen Yaya.

"Ɗan nan, kai ka ɗauke shi. Ya yi murmushi kuwa?"

Na so Yaya ya yi mata ƙarya, wallahi na so.

"Inna," ya ce, "ban tuna fuskarsa ba."