Keken Kawu Ilu Mai Teku

Duk wanda ya taɓa zama a bakin kasuwar Matamaye ya san wannan ƙarar: "Ƙiririn! Ƙiririn!" To, ba ƙararrawa ba ce, jama'a, bakin Kawu Ilu ne. Ƙararrawar tana nan jikin keken, ya naɗe ta da tsumma kamar yatsa mai miki. Ni ɗan ƙanwarsa ne, na taɓa ce masa, "Kawu, ka buga ta mana." Sai ya harare ni ya ce, "In ta lalace uwarka za ta ƙera min wata? Bakin nan kyauta aka ba ni."

Keken nan daga cin rani ya zo da shi, tun yana saurayi yana tallan ruwa a Legas. Wai ranar da ya saye shi ya wuni yana bin bakin teku, iska na kaɗa masa riga, yana leƙa tsoffin gine-ginen Turawa. Wuni ɗaya tal, amma mu muka sha labarin har muka yi furfura. Kowane ruwa aka nuna masa, ko ambaliya ce ta cinye gonar mutum, sai ya taɓe baki ya ce, "Bai kai teku ba." Har gidan da ruwa ya rushe ya je jaje ya faɗi haka!

Da tsufa ya kama shi, wata ranar kasuwa ya afka da keken cikin kwandon wata mai tumatir. Babban ɗansa Alhaji Sani, wanda bai taɓa tambayar abin da tsohon ya ci ba sai ranar da aka yi masa dariya a kasuwa, ya rantse sai ya miƙa keken ga 'yan gwangwan. Kawu ya ce, "A ba ni wuni ɗaya. In je Kance in dawo, Habu ne shaida. In na faɗi, ku sayar." Habun ni ne, tela mai tumbi, rabona da keke tun ina ɗan makarantar lakwal.

Da safe na aro keke muka fita. Muna barin gudron, wato kwalta, muka shiga yashi, sai Kawu ya kama kan kekensa yana turawa. Na ce, "Kawu, hau mana." Ya ce, "Ƙaya! Ba ka ga ƙaya ba? Ƙafa tana warkewa, taya ba ta warkewa."

Can muka iso wata rusasshiyar katanga a gefen wani ƙauye. Kawu ya jingine keke, ya cire hula. "Habu, yi ladabi. Ganuwar mutan da ce wannan. Nan aka tare mahara, kibiya kamar ruwan sama." Yana cikin nuna min inda jarumi ya tsaya, sai ga wani mutum da fartanya a kafaɗa. "Baba, lafiya kuke shafa katangar garkar awakina? Bara na gina ta, damina ta kayar." Na ƙunshe dariya har cikina ya ƙulle. Kawu ko gezau. Ya mayar da hularsa ya ce, "To bara ba tarihi ba ne? Jahilai, kuna kwana kan tarihi kuna ɗaure awaki."

A gaba na gaji da tafiyar ƙasa, na ce ni dai hawa zan yi. Ban yi nisa ba yashi ya riƙe tayar gaba, na tafi da ka cikin ƙarangiya, wando ya yage. Kawu ya iso a hankali yana "ƙiririn, ƙiririn," ya tsaya a kaina. "Sannu shaida. Wa zai yi maka shaida kai kuma?"

Da rana ta take muka sauka bakin wani tafki, ruwan ja kamar kunun kanwa, shanu suna ciki. Ya fito da tsohuwar fura a gora, ya ba ni kurɓa ɗaya ya karɓe. Ina jiran ya ce bai kai teku ba, sai na ji shiru. Ya tuɓe takalmi ya sa ƙafa a ruwa, ya ce, "Habu, ɗaya gaɓar tana da nisa?" Na duba, ga ta nan, jifa ɗaya. A nan na gane Kawu ba ya ganin ko tsawon igiyar guga. Ya ce, "Tun ranar tumatir ban ƙara hawa ba. Keken nan shi ne sandata. In suka karɓe sai su ba ni sanda, a ce Ilu ya makance, yara su riƙa ja na." Wallahi sai da na juya baya na share ido. Na ce, "Kawu, da nisa ƙwarai. Ba a hango ƙarshensa." Ya yi murmushi ya ce, "Duk da haka bai kai ba."

Ba mu ga Kance ba ranar. Da la'asar muka dawo, Alhaji Sani na zaune kan moto a ƙofar gida. "Ya faɗi?" Na ce, "Na rantse ko sau ɗaya bai faɗi ba. Ni ne na faɗi." Ya dubi yagaggen wandona. Kawu ya wuce shi da keke yana cewa, "A sayar da Habu."

Haka ya ci gaba da tura kekensa a gari har Allah ya karɓi abinsa. Bayan an share makoki na kwance tsumman nan, na taɓa ƙararrawar. Ta yi ƙara garau, sabuwa fil, sai duk zauren ya yi tsit, don ba wannan muke son ji ba.

Allah ya jiƙan Kawu Ilu, ya haskaka masa kabarinsa, ya mayar masa da ganinsa. Allah ya shayar da shi ruwan da ba zai ce bai kai ba. Amin.